Gem ɗin fina-finan almarar kimiyya a waya: saye muke yi ko haya?

Abban Sadik, Tumfure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, masu buga gem ku taya ni dubawa. Kan wasannin waya ne da ake ginawa a kan fina-finan almarar kimiyya, irin su Star Wars da Jurassic Park da makamantansu.

Ku ɗauki Star Wars kaɗai. Uprising ya fito a 2015, aka rufe shi a 2016. Force Arena na kamfanin Netmarble ya fito farkon 2017, zuwa Maris ɗin 2019 ya mutu. Commander, wanda ake gina sansani ana kai wa juna hari, ya rayu daga 2014 zuwa 2020. Na baya-bayan nan shi ne Hunters na Zynga. An daɗe ana ɗage ranar fitowarsa, ya fito a Yunin 2024, ranar 1 ga Oktoban 2025 aka kashe shi. Ko shekara ɗaya da rabi bai cika ba. Jurassic Park Builder ma ya bi sahu a 2020. Duk waɗannan akwai bayin Allah da suka zuba kuɗi a ciki, suka sayi jarumai da makamai, kuma daga ranar da aka kashe sabar kamfanin, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan a intanet, ko allon farko wasan ba ya wucewa.

A ganina gem ɗin fim ya fi kowane gem saurin mutuwa, kuma da dalili. Kamfanin da ya ƙera wasan ba shi ke da labarin ba. Lasisi ya karɓo na wasu shekaru daga mai fim ɗin, kamar Disney da ta sayi Lucasfilm a 2012 kan kusan dala biliyan 4. Zai biya mai fim kasonsa, Google ko Apple su cire nasu wanda yakan kai kashi 30 cikin ɗari, ga kuɗin riƙe saba dare da rana. Ranar da lissafin ya daina fita, ko wa'adin lasisi ya cika, shi ke nan. Kai da kake Gombe kana ganin ka sayi abu, alhali haya ka kama a gidan da shi ma mai ba ka hayar ɗan haya ne. Ni dai abin yana mini ciwo, musamman in na ga matasanmu suna matse kuɗin abinci don wannan.

Ɗan Bolari:
Wa alaikumus salam Yaya. Ka lissafo waɗanda suka mutu, ka tsallake wanda ya rayu. Star Wars: Galaxy of Heroes na kamfanin EA tun Nuwamban 2015 yake, har yau ana buga shi, ana ƙara sabbin jarumai. Ni a cikinsa nake, kuma sisina bai taɓa shiga ba. Haƙuri kawai yake so. Jarumi ɗaya kafin ya kai tauraro bakwai, wato matakin ƙarshe na taurari, sai ka tara masa gutsattsari 330, ƙarfin bugawa kuma yana dawowa ɗaya duk minti shida. Mai gaggawa shi ke biya, mai haƙuri ya jira. Muna da ƙungiya ta mutum 50, akwai 'yan Turkiyya da Barazil da Masar, da dare mu haɗu mu kai farmaki tare. To ko haya ce Yaya, ai ɗan haya ma yana kwana a ɗakin. In an rufe gobe, daɗin da na ji babu mai ƙwace mini shi.

Abban Sadik, Tumfure:
Ƙanena, kai ba ka biya, amma wani ne ke biya maka. Wasan ba zai rayu shekara goma a kan masu haƙuri ba. An tsara jiran ne da gangan don ya gundure ka har ka ciro kati. Kai ka jure, abokinka bai jure ba.

Ɗan Bolari:
Wannan kuma tsakaninsa da aljihunsa ne. Ba a ɗora wa kowa wuƙa a wuya ba.

'Yar Pantami:
Salam. Yaya Abban Sadik, ni damuwata ta wuce batun rufewa. Mafi yawan waɗannan wasannin ba su da alaƙa da fim ɗin sai suna da fuskokin jarumai. Cire hotunan, ka sa na wani fim, wasan bai canza ba ko kaɗan: tara, jira, haɓaka, sake jira. Fim ɗin da ya sa ka tsoro ko ya sa ka tunani, an mayar da shi tarin katuna.

Wanda yake son ya ga yadda ake girmama fim, ya nemi Alien: Isolation. Creative Assembly suka yi shi a 2014 don kwamfuta da na'urorin wasa, sai Feral Interactive suka kawo shi waya a Disamban 2021, cikakke ba tare da an yanke komai ba. Labarin yana faruwa ne shekara 15 bayan fim ɗin Alien na 1979. Kina buga Amanda, 'yar Ripley jarumar fim ɗin, wadda ta je wata tashar sararin samaniya mai suna Sevastopol neman labarin mahaifiyarta. Dodo ɗaya ne ke farautarki a mafi yawan wasan, kuma ba za ki iya kashe shi ba. Sai dai ki ɓuya a cikin kabad ko ƙarƙashin tebur, ki riƙe numfashi, ki jefa wani abu can nesa don ya bi ƙarar. Na'urar da ke nuna miki motsinsa ma tana ƙara, in yana kusa zai ji ta.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai karanta kimiyyar kwamfuta, shi ne yadda suka gina tunanin dodon. Hawa biyu ne. Akwai wani tsari a ɓoye da ya san inda kike a kowane lokaci, amma ba ya faɗa wa dodon kai tsaye, yankin kawai yake nuna masa. Shi dodon dole ya yi amfani da ido da kunne ya nemo ki. In tsarin ya ga an matsa miki da yawa, sai ya janye shi cikin bututun iska ki samu ki huta. Kuma in kika cika maimaita dabara ɗaya, sai ya fara duba wurin. Wallahi na buga shi da abin kunne cikin dare, sai da tafin hannuna ya jiƙe. Wannan shi ne fim ɗin, ba hotonsa ba. Sau ɗaya za ki biya, babu talla, babu akwatin sa'a, wato wanda ake saye ba a san abin da ke cikinsa ba.

Injiniya Mai Waya, Tsohuwar Kasuwa:
Malama, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma zo shagona ki zauna yini ɗaya. Wayoyin da ke hannun mutanenmu yawanci ram giga 2 zuwa 4 ne, ma'ajiya 32 ko 64, kuma rabi ya tafi a hotunan biki da bidiyon WhatsApp. Alien ɗin nan ya haura giga 10, kuma lokacin saukewa yana son fili fiye da haka. Wayoyi da yawa ma Play Store ba zai nuna musu shi ba, domin kamfanin ya ware irin waɗanda za su iya ɗauka. Sannan ki lissafa kuɗin datar sauke giga 10, bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Ɗan acaɓa ko ɗalibin da ke zuwa wurina ba rashin sanin abu mai kyau ne ya kai shi ga na kyauta ba. Abin da wayarsa ta ɗauka ne.

Kun san wanda yara suka fi tambayata a wannan layin? Real Steel World Robot Boxing. Kamfanin Reliance Games na Indiya ne ya fitar da shi a 2013, daga fim ɗin 2011 na damben mutum-mutumi. Ba shi da nauyi, ƙaramar waya na ɗauka, kuma yaro yana gane shi nan take ba sai ya iya Turanci ba. Mutum-mutumi irin su Atom da Zeus, a yi ta kai naushi. Yawancinsu ma ba su san akwai fim ɗin ba, gem ɗin suka fara sani.

Roƙona ɗaya ga masu bugawa: ku daina wasa waya na jikin caji, balle a zafin Maris da Afrilu. Batir ɗin da nake cirewa a kumbure, yawanci daga nan ne.

Malamin Kashere:
Muhawara ta yi daɗi. Bari in ƙara ɗan tarihi, don matsalar ta girmi wayar hannu. A 1982 kamfanin Atari ya karɓi lasisin fim ɗin E.T., aka ba mutum ɗaya makonni biyar da 'yan kwanaki ya gama wasan don a riski kasuwar Kirsimeti. Wasan bai karɓu ba, kaya suka yi kwantai, a 1983 aka kwashi tarin kaset aka binne a juji a garin Alamogordo da ke jihar New Mexico ta Amurka. Shekaru ana ɗaukar labarin almara ne, sai a 2014 aka tono wurin aka same su. Tun wancan lokacin cutar gem ɗin fim ɗaya ce: ranar fitowar fim ita ke yanke wa wasan lokaci, ba ingancinsa ba.

Amma Abban Sadik, akwai zamanin da ni da kai muka gani wanda yaran nan ba su gani ba. Lokacin Nokia da wasannin Java, muna shiga shafin Waptrick muna sauke wasanni. Gameloft ya yi wasan Avatar na waya a 2009. Ƙanana ne, wasu ko mega ɗaya ba su kai ba, amma suna da farko suna da ƙarshe. In ka samu tsohuwar wayar yau ka sa mata batir, wasan zai tashi, domin duk abin da yake buƙata yana cikin wayar. Abin da ya canza shi ne an gano cewa wasan da ba ya ƙarewa ya fi kawo kuɗi. Ku duba Star Trek Fleet Command da ya fito a 2018. Kamfanin da ke da shi, Scopely, wani kamfanin Saudiyya mai suna Savvy Games Group ya saye shi a 2023 kan dala biliyan 4.9. Ba a biyan irin wannan kuɗi don wasan da ake saye sau ɗaya a gama.

Kuma ba mu kaɗai ke kuka ba. A Turai an taso da gangami mai suna Stop Killing Games a 2024, suna neman doka ta tilasta wa kamfani ya bar wasa a halin da za a iya buga shi ko bayan ya janye hannunsa. A 2025 sa hannun da suka tara a Tarayyar Turai ya haura miliyan ɗaya.

Baffan Yara, Jekadafari:
Allah ya gafarta Malam, mu da muka tsaya a macijin Nokia sai dai mu saurara. Amma ina karantawa saboda jikoki.

Maman Ilham, Federal Low Cost:
Assalamu alaikum. Ni ba na buga komai, amma abin ya shigo mini gida. Na taɓa sa katina a waya don biyan wata manhajar karatu, ya zauna a ciki. Yarona ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare yana karɓar wayar bayan Islamiyya yana buga wani gem na jiragen sararin samaniya. Sai ga saƙon cire kuɗi yana shigowa ɗaya bayan ɗaya. Da na zaunar da shi, kuka ya fashe da shi, ya ce shi akwati kawai yake buɗewa yana neman wani jirgi, bai san kuɗin gaske ba ne, don a wasan lu'ulu'u ake nunawa ba naira ba. Kuma jirgin bai fito ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne, yanayin da na gani a idonsa ne lokacin da yake cewa “saura kaɗan ya fito, Mama.” Don Allah malamai, wannan akwatin ba caca ba ce?

Ustaz na Herwagana:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya shirya mana zuri'a. Fatawa ta manyanmu ce, amma ƙa'idar a fili take. Allah ya haɗa caca da giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda mai saye bai san abin da zai samu ba. In wasa ya ce ga jirgi kaza, kuɗinsa kaza, ka gani ka biya, wannan ciniki ne sananne, sai dai a yi maganar almubazzaranci. Amma ka ba da kuɗi tabbatacce a kan akwatin da ba ka san cikinsa ba, kana fatan babban rabo, mafi yawan lokuta ka tashi da tarkace, ni ban ga ta inda zai kuɓuta ba.

Ɗan Bolari:
Allah gafarta Malam, da neman ƙarin haske. A caca ai kuɗi kake ci ka sa a aljihu. Nan kuwa ko ka samu jarumin ba ka da hanyar mayar da shi kuɗi, kuma akwatin ba ya fitowa fanko, kullum da wani abu a ciki. Ba bambanci ke nan ba?

Ustaz na Herwagana:
Tambaya mai kyau, ɗana. Ko mun ajiye sunan caca gefe, jahiltar abin saye tana nan, ita kaɗai ta isa ta ɓata ciniki. Sannan abin da aka ba ka wanda ba ka so, don kada a ce ka tashi a banza, bai canza niyyar da ta sa ka biya ba. Ka tambayi zuciyarka me ya sa kake sake buɗe na biyu da na uku.

Malamin Kashere:
Ustaz, har waɗanda ba su da ruwa da fiƙihu sun iso nan. Rigimar ma daga gem ɗin Star Wars ta yi ƙamari, wato Battlefront II na 2017, wanda ba na waya ba ne. Bayan hayaniyar, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta binciki wasu wasanni, a 2018 ta yanke cewa akwatin sa'a da ake saye da kuɗi caca ne a dokarsu. Apple tun ƙarshen 2017, Google kuma tun 2019, sun wajabta wa masu wasa su bayyana yiwuwar samun kowane abu a akwati. Yana nan a rubuce cikin ƙananan haruffa. Wanda ya buɗe ya karanta, sau da yawa zai ga abin da yake nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Injiniya Mai Waya, Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya, yau ɗin nan ki shiga saitin Play Store, wurin tantance saye, ki zaɓi a riƙa neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kowane saye. In da hali ki cire katin gaba ɗaya. In yaron yana da tasa wayar, akwai manhajar Family Link ta Google, da ita sai kin amince daga wayarki kafin ya sauke ko ya sayi komai, har lokacin kwanciya za ki iya sa wa wayar.

Maman Ilham, Federal Low Cost:
Na gode ƙwarai Injiniya, na cire katin tun ranar. Wannan ta biyun ce ban sani ba, zan sa babbar yayarsa ta haɗa mini.

Saurayin Dukku:
Ni nawa ƙorafin daban ne. Akwai Jurassic World Alive na kamfanin Ludia da ya fito a 2018. Taswirar garinku yake amfani da ita, ka fita da ƙafa kana neman dabbobin nan na zamanin da, ka tura ɗan jirgi marar matuƙi ya harbe su da allura ka tara ƙwayoyin halittarsu, ka haɗa biyu ka fitar da sabuwa. Tunanin ya yi kyau matuƙa. Amma da wane gari aka yi tunaninsa? Sai GPS a kunne, data a kunne, allo a kunne, kana tafe kana kallon waya. A cikin Gombe akwai lungunan da ba za ka ciro waya bayan magariba ba saboda 'yan kalare, kowa ya sani. Ga rana, ga batir. Lokacin da aka lalata turakun layin wutar Jos zuwa Gombe a 2024 muka zauna a duhu, cajin waya sai ka biya a shago, wa zai ƙona shi a farautar dabbar da babu ita?

'Yar Pantami:
Shi ya sa nake cewa a nemi wanda ba ya buƙatar intanet. Injiniya, na yarda Alien ya yi wa yawancin wayoyi nauyi. To ga Star Wars: Knights of the Old Republic. BioWare suka yi shi tun 2003, Aspyr suka kawo shi Android a ƙarshen 2014, na biyunsa kuma a 2020. Tunda tsohon wasa ne, ba ya neman waya mai ƙarfi sosai, girmansa giga biyu da wani abu. Labarinsa kusan shekara 4,000 ne kafin fina-finan, don haka marubutan sun samu sakewa, ba a ɗaure su da jaruman fim ba. Kai ke zaɓar abin da za ka faɗa da abin da za ka aikata, ka taimaki mai rauni ko ka zalunce shi, kuma zaɓin yana canza halinka da ƙarshen labarin. Akwai wani sirri a tsakiyarsa da ba zan faɗa ba, wanda ya buga ya san me nake nufi.

Ɗan Bolari:
Anti, kuɗinsa kusan dala 10 ne fa. Ki mayar da shi naira ki gani. Kuma karatu ne zalla da Turanci, shafi-shafi. Sannan ni kaɗai zan zauna ina bugawa, babu abokan ƙungiya, babu gasa. Ni abin da ke mayar da ni kullum mutanen ne.

Abban Sadik, Tumfure:
Batun mutane na karɓa, ƙanena, wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma wasan da ke cikin wayarka kaɗai ba zai ba ka ita ba. Amma batun tsada ban karɓa ba. Wanda ke sayen ƙaramin ƙunshi yau, wani mako mai zuwa, ga datar kullum, in ya tara na wata uku ya wuce dala 10 ɗin nan nesa. Bambancin shi ne ɗaya a dunƙule ake karɓa sai ka ji zafi, ɗayan kuma kaɗan-kaɗan ne ba ka ji.

Saurayin Dukku:
To ai akwai fasasshe a intanet kyauta, har da masu kuɗi marasa ƙarewa a ciki.

Injiniya Mai Waya, Tsohuwar Kasuwa:
Kul, ɗan'uwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa wasa ya ɗora maka kyauta, me zai ci? Da yawansu ana cusa musu wata manhaja a ciki. Kana girkawa za ta nemi izinin karanta saƙonni, kai kuma ka danna amincewa don kana sauri. Wayar da lambar sirrin banki ke shigowa ita ce fa wannan. An sha kawo mini waya tana buɗe talla da kanta, tana cin data, sai an wanke ta gaba ɗaya. Ban da haƙƙin masu shi, wanda Ustaz ya fi ni sanin hukuncinsa. A masu haɗuwa da saba kuma, in suka gane ka sai su rufe asusunka da duk abin da ka tara.

Baffan Yara, Jekadafari:
Injiniya, in mutum ya yarda zai saya wa jikansa na halak ɗin, irin wanda 'yar nan ta faɗa, yaya zai san wayar za ta ɗauka kafin kuɗinsa ya tafi? Kuma katin naira yana biya yanzu?

Injiniya Mai Waya, Tsohuwar Kasuwa:
Baffa, ka nemo shi a Play Store daga cikin ita wayar da za a buga a kai, ba wata ba. In ya ƙi fitowa ko ya rubuta cewa bai dace da na'urar ba, ka haƙura. In ya fito, duba girmansa ka tabbatar fili ya ninka haka. Farashin da naira zai nuna maka, kuma tun 2023 ana karɓar katin Verve, in naka ya ƙi ka gwada wani. Ka saukar da shi da daddare lokacin garaɓasar data ko inda akwai wayfai. Yana gama sauka a buɗe a gwada nan take, kada a bari sai gobe, domin in wasan na saye ne kuma bai yi ba, cikin awa 2 na farko akwai maɓallin mayar da kuɗi a shafinsa. Na Alien ɗin dai kada ka saya wa yaro ƙarami, na manya ne, zai hana shi barci.